Kujerar Babban Jojin Jiha: Abin da Tarihin Mai Shari'a Dahiru Musdapher Ke Nunawa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini don mu yi magana kan wani muƙami da ake yawan ambata amma ba a cika bayyana shi ba, wato Babban Jojin Jiha. Idan aka naɗa sabo, ko wani ya yi ritaya, ko Allah Ya yi wa wani rasuwa, abin da jaridu suka saba bugawa shi ne jerin shekaru: an haife shi a kaza, ya zama lauya a kaza, ya hau kujera a kaza. Mai karatu ya gama bai san abin da mutumin ya riƙa yi a ofis ba, bai kuma san yadda aka yi kujerar ta faɗo kansa ta tsallake wani ba. A ganinmu cikin waɗannan shekarun da ake jerawa labarin yake, sai dai ana buƙatar wanda zai warware su. Za mu ɗauki tarihin mutum ɗaya da ya riƙe kujerar a Kano, marigayi Mai Shari'a Dahiru Musdapher, mu bi shi.

An haife shi ranar 15 ga Yuli, 1942, a Ɓaɓura, wadda a lokacin tana lardin Kano, yanzu kuma tana Jihar Jigawa. Ya yi karatun lauya a Zariya da Landan, hanyar da yawancin lauyoyin Arewa na farko suka bi, aka rantsar da shi lauya a Najeriya a 1968. Ya yi aikin lauya mai zaman kansa har 1976, lokacin da aka naɗa shi Antoni Janar kuma Kwamishinan Shari'a na Jihar Kaduna. A 1979 ya koma Kano ya hau kujerar alƙalanci a Babbar Kotu, ya zama Babban Jojin jihar, ya riƙe har 1985 da aka ɗaga shi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Ya shekara goma sha takwas a can. A 2003 ya shiga Kotun Ƙoli, a ƙarshen Agustan 2011 ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya, ya sauka a Yulin 2012 ranar da ya cika shekara 70. Ya rasu a Janairun 2018.

To, a ɗora wannan jerin kusa da na Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar, wadda ta gaje shi. Ita an rantsar da ita lauya a Najeriya a 1967, shekara ɗaya kafin shi. Ta bi ta hanyar majistare, ta yi Babbar Rajistara, ta zama jojin Babbar Kotun Kano a 1977, shekara biyu kafin ya shigo. Amma ba ta taɓa zama Babbar Jojin Kano ba. Shi ya tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1985, ita sai 1987. Shi ya shiga Kotun Ƙoli a 2003, ita sai 2005. Shi ya shugabanci ɓangaren shari'a na ƙasa a 2011, ita sai 2012. Wadda take gaba ta koma baya tun a matakin jiha, kuma ba ta sake shan gabansa ba har suka gama aiki.

Ba mun kawo wannan don rage darajar kowa ba ne, dukansu biyu sun yi aiki an shaida. Mun kawo shi ne don a ga yadda girma yake aiki a gidan shari'a. Ba a ƙirga shi da shekarun haihuwa, ba a kuma ƙirga shi da daɗewa a aikin lauya. Ranar da mutum ya sha rantsuwar kotun da yake ciki ita ce ake dubawa, kuma duk sanda ya hau wata kotu ta sama lissafi sabo yake farawa. Saboda haka shawarar da aka yanke a wata jiha yau, kan wa za a naɗa da wa za a tsallake, tana iya zama ita ce za ta fayyace wanda zai shugabanci Kotun Ƙoli bayan shekara talatin.

Yanzu ga yadda naɗin yake a ƙarƙashin kundin tsarin mulkin 1999. Sashe na 271 ya ce ba a naɗa mutum jojin Babbar Kotun Jiha sai ya shekara goma aƙalla da zama lauya. Kotun Ɗaukaka Ƙara shekara goma sha biyu take buƙata, Kotun Ƙoli goma sha biyar. Ƙofofin shiga uku ne a aikace: majistare ko rajistara da ya hauro daga ƙasa, lauyan gwamnati daga ma'aikatar shari'a, da lauya mai zaman kansa. Kowanne da irin gurguwar ƙafarsa. Wanda ya fito daga majistare ya iya sarrafa zauren kotu da rubuta bayanan shaidu, amma sau da yawa bai saba da manyan shari'o'in filaye da na kasuwanci ba. Lauya mai zaman kansa ya san dabarun lauyoyi tun da shi ma ya yi su, sai dai yakan zo da tarin tsofaffin abokan hulɗa da dole ya riƙa janye jikinsa daga shari'arsu. Wanda ya fito daga ma'aikata kuwa aikinsa na farko shi ne ya manta cewa gwamnati ta taɓa zama uwar ɗakinsa.

Idan kujerar Babban Joji ta zama babu kowa, hukumomi huɗu ne suke da hannu, kuma a jere suke. Ta farko ita ce Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Jiha, wadda ta ƙunshi Babban Joji a matsayin shugaba, Antoni Janar, Girandi Kadi inda akwai shi, shugaban kotun ɗaukaka ƙara ta al'ada inda akwai ta, lauyoyi biyu da suka shekara goma a aiki, da mutum biyu masu mutunci da ba lauyoyi ba. Ita take tace sunaye ta aika Abuja. Ta biyu ita ce Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, wadda Alƙalin Alƙalan Najeriya yake shugabanta. Ita take duba takardu, da hukunce-hukuncen da mutum ya rubuta, da rahoton jami'an tsaro, da na likita, da duk wani ƙorafi da aka shigar a kansa, ta yi masa tambayoyi, sannan ta ba gwamna suna. Na uku gwamna, wanda yake naɗawa. Ta huɗu majalisar dokokin jiha, wadda take tabbatarwa. A lura da wannan bambanci: jojin Babbar Kotu na yau da kullum ba ya zuwa gaban majalisa, Babban Joji ne kaɗai yake zuwa. Gwamna ba shi da ikon naɗa wanda NJC ba ta ba shi ba. NJC kuma ba ta da ikon rantsar da kowa. Inda aka saba samun cikas ke nan.

Tsarin mulki ya yi tanadin riƙon ƙwarya. Da zarar kujera ta zama fanko, gwamna zai naɗa jojin da ya fi kowa girma a Babbar Kotun ya riƙe. Ba zaɓi aka ba shi ba, umarni ne. Riƙon ba ya wuce wata uku sai da amincewar NJC, kuma gwamna ba zai sake naɗa wanda wa'adinsa ya ƙare da kansa ba. Manufar ita ce kada a bar mutum yana riƙe da kotu alhali kullum zuciyarsa na kan ko za a tabbatar da shi. Amma gwamnan da ba ya son wanda ke kan gaba yana da hanyoyin jan ƙafa: ya ƙi aika suna majalisa, ko majalisar da ke tafin hannunsa ta ƙi tabbatarwa, ko hukumar jiha ta cire sunan babban daga jerin da za ta aika. Sai a wayi gari ana ta sabunta riƙo wata uku-uku, ko ana karɓa-karɓa tsakanin joji biyu ko uku, kowanne yana taka-tsantsan kada ya ɓata wa fadar gwamnati.

Mafi munin misali shi ne na Jihar Ribas. A 2013 NJC ta ba da sunan Mai Shari'a Daisy Okocha, Gwamna Rotimi Amaechi kuma ya nace sai Mai Shari'a Peter Agumagu, wanda yake shugabantar kotun ɗaukaka ƙara ta al'ada. Gwamna ya rantsar da nasa, NJC ta dakatar da shi. Kotunan jihar suka kasance a garƙame kusan shekara guda, daga tsakiyar 2014 zuwa tsakiyar 2015, ba beli, ba sauraron ƙara, waɗanda ke tsare suna tsare. Ranar 29 ga Mayu, 2015, sai da aka ɗauko Babbar Jojin Bayelsa ta zo ta rantsar da sabon gwamna. A Kuros Riba, majalisar dokoki ta ƙi tabbatar da Mai Shari'a Akon Ikpeme a 2020 bisa hujjar cewa asalinta 'yar Akwa Ibom ce, ba a tabbatar da ita ba sai farkon 2021. A Imo kuma, a 2025, gwamna ya tsallake joji uku ya ba na huɗu riƙo, NJC ta ce naɗin bai halatta ba, daga baya ta ba da shawarar a yi wa wanda ya karɓa ritayar dole. Wannan matakin na ƙarshe ya burge mu, domin gwamna ba ya iya wannan aika-aika shi kaɗai. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Muddin jojin da aka miƙa wa abin da ba nasa ba ya san zai rasa aikinsa, zai ce a kai kasuwa.

Cirewa ma haka take. Sashe na 292 ya ce gwamna na iya cire Babban Joji idan kashi biyu bisa uku na 'yan majalisa suka nemi hakan, saboda gazawa ta rashin lafiyar jiki ko ta hankali, ko rashin ɗa'a, ko saɓa dokar ɗa'ar ma'aikata. Wasu gwamnoni suka ɗauka ke nan da su da majalisa sun isa. A 2009 aka cire Babbar Jojin Kwara, Mai Shari'a Raliat Elelu-Habeeb, ta wannan hanya. Ta kai ƙara, a 2012 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ba a cire Babban Joji sai NJC ta bincika ta ba da shawara tukuna, ta kuma mayar da ita kan kujerarta. A zamanin shugabancin Musdapher aka yanke wannan hukunci. Duk da haka an ga majalisu sun sake gwadawa, a Abiya, a Osun, a Binuwai, kamar ba su taɓa jin labarinsa ba.

Sai aikin kansa. Mutane da yawa sun ɗauka Babban Joji shi ne wanda ake kai wa ƙara idan wani joji ya yi kuskure. Ba haka ba ne. A zauren shari'a ƙarfinsa ɗaya da na kowane jojin Babbar Kotu, ba ya soke hukuncin abokin aikinsa, Kotun Ɗaukaka Ƙara ce take da wannan iko. Haka kuma ba shi ne shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ba, wannan ta Girandi Kadi ce. Ƙarfin Babban Joji a gudanarwa yake, kuma mafi nauyi a ciki shi ne rabon shari'o'i.

Duk ƙarar da aka shigar a rajista, bayan an biya kuɗin shigarwa an ba ta lamba, fayil ɗin yana zuwa teburinsa ko na jojin da ya wakilta a shiyya, shi zai rubuta kotu mai lamba kaza. Alƙalami ɗaya ne, amma rabin shari'a ke nan. Idan ya tara wa joji ɗaya fayil ɗari huɗu wani yana da tamanin, jinkiri ya tabbata tun kafin a kira shaida na farko. Idan duk shari'ar da ta shafi gwamnati kotu ɗaya take zuwa, lauyoyi za su lura cikin wata shida, daga nan kuma su fara neman hanyar da tasu za ta faɗa inda suke so. Akwai masu shigar da ƙara guda sau biyu ko uku da ɗan canjin suna, in ta faɗa inda ake so a janye sauran. Babban Jojin da ya san aikinsa yana kama wannan ta hanyar sa rajista ta riƙa tantance sunayen masu ƙara da abin da ake jayayya a kai kafin a ba da lamba.

Daga nan ne matsalar umarnin wucin gadi take tasowa, wanda ake bayarwa ba tare da an ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba. An yi shi ne don gaggawa ta gaske, kamar a hana rushe gini kafin gobe, kuma kwanaki kaɗan ya kamata ya yi. 'Yan siyasa suka mayar da shi makami. A 2021 sai da Alƙalin Alƙalai Ibrahim Tanko Muhammad ya kira Manyan Jojin jihohi shida, ciki har da Kebbi da Jigawa, kan umarni masu karo da juna da suka fito daga kotunansu a rikicin jam'iyyu. A 2024 an sake ganin irinsa a rikicin masarautar Kano, tsakanin Babbar Kotun Jiha da Babbar Kotun Tarayya, har aka kira shugabannin kotunan biyu Abuja. A kula, ba su ne suka sa hannu a umarnin ba, amma su aka kira, domin su ne masu rabo kuma su ne masu ikon fitar da ƙa'idojin aiki a ƙarƙashin sashe na 274.

Akwai wata ɓarna da ba ta yin ƙara amma ta fi kowacce cin shekarun mutane, wato sake shari'a daga farko. Ƙa'ida ita ce jojin da ya ga shaidu ya ji su shi zai yanke hukunci. Idan aka ɗaga shi sama, ko ya yi ritaya, ko ya rasu, ko aka canja masa shiyya aka karɓe fayil, to komai ya koma sabo, ko da an shekara biyar ana yi. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta yi ƙoƙarin toshe wannan, ta yarda jojin da aka ɗaga ya dawo ya ƙarasa. A Mayun 2020 Kotun Ƙoli ta ce hakan ya saɓa wa tsarin mulki, ta rushe shari'ar da aka ɗaure tsohon gwamnan Abiya Orji Uzor Kalu shekara goma sha biyu. Maganin da ya rage yana hannun Babban Joji: ya daina ba jojin da ya rage wa shekara ɗaya sababbin shari'o'i masu tsawo, ya nemi jerin waɗanda aka fara sauraro kafin ya yi canjin wurin aiki, ya kuma ba wanda aka canja izinin komawa ya ƙarasa waɗanda suka yi nisa.

Sashe na 294 ya ba kowace kotu kwana 90 ta yanke hukunci bayan lauyoyi sun kammala jawabin ƙarshe, da kwana bakwai ta ba ɓangarori kwafin hukuncin. Dabarar da ake yi idan lokaci ya ƙure sananniya ce: a sake kiran lauyoyi su maimaita jawabinsu don lissafi ya koma farko. Kwafin hukunci kuwa yakan ɗauki makonni, saboda har yanzu a kotuna da yawa joji da hannu yake rubuta duk abin da aka faɗa, sai an buga, an duba, an sa hannu. Wanda yake son ɗaukaka ƙara yana da wata uku a shari'ar da ba ta laifi ba, kwana 90 a ta laifi, kwana 14 kacal idan hukuncin na tsakiyar shari'a ne. Rajistara yana da kwana 60 ya haɗa kundin shari'a ya aika, in ya gaza mai ƙara ya haɗa da kansa cikin kwana 30. Duk waɗannan ma'aikata, daga Babban Rajistara zuwa mai kai sammaci, ƙarƙashin hukumar da Babban Joji yake shugabanta suke, tare da majistarori. Talaka ya fi haɗuwa da su fiye da yadda yake haɗuwa da joji. Fayil da ya ɓace, sammacin da aka rubuta an kai alhali ba a kai ba, kuɗin da ake karɓa ba rasit, nan ne mutane suke yanke wa kotu hukunci a zukatansu.

Gidajen yari wani fage ne. Yawancin waɗanda ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Hanyar da suke maƙalewa ɗaya ce: 'yan sanda su kai wanda ake zargi da fashi ko kisa gaban majistare, wanda ba shi da hurumin sauraron laifin. Majistare ya sa a tsare shi, a aika fayil ma'aikatar shari'a don shawarar lauyoyin gwamnati. Fayil ya kwanta, ko a canja wa ɗan sandan da ya yi bincike wurin aiki, shi ke nan an manta da mutum. Dokar tarayya ta 2015 ta ƙayyade irin wannan tsarewa da kwana 14, ana sabuntawa sau kaɗan da hujja, jihohi kuma sun yi nasu dokokin da ɗan bambancin kwanaki. Ta kuma ce majistare ya riƙa duba ofisoshin 'yan sanda aƙalla sau ɗaya a wata. Tun 1977 akwai dokar da ta ba Babban Joji ikon sakin wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, ko wanda ya daɗe fiye da ɗaurin da za a yi masa da an same shi da laifi. Dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ƙara masa ikon mayar da hukuncin kisa ɗaurin rai da rai idan mutum ya gama ɗaukaka ƙara kuma ya shekara goma ba a zartar ba. Ziyarar da ake yi sau ɗaya a shekara da 'yan jarida, a saki mutum talatin a ɗauki hoto, ba ta rage cunkoso. Abin da yake ragewa shi ne a aiko da jerin masu jiran shari'a tun kafin ranar, da ranar da aka kawo kowa da kotun da ta tsare shi, a zo da lauyan gwamnati da fayilolin a hannu.

Kuɗi kuma su ne igiyar da ake ɗaure Babban Joji da ita. Albashin jojin Babbar Kotu daga asusun tarayya yake fitowa ta hannun NJC, kuma bayan ya tsaya cik tun 2008 an ƙara shi a 2024. Amma ginin kotu, motoci, gidaje, janareto, takarda, da albashin majistarori da sauran ma'aikata, duk daga jiha suke. Sashe na 121 ya ce a miƙa wa shugabannin kotuna kuɗinsu kai tsaye. Shugaba Buhari ya sa hannu a umarni mai lamba 10 a 2020 don tilasta hakan, ma'aikatan shari'a suka rufe kotunan ƙasar nan sama da wata biyu a 2021 a kan maganar, a 2022 Kotun Ƙoli ta soke umarnin. Inda gwamna bai saki kuɗin ba, shugaban kotu ya zama mai zaman jira a ofishin mutumin da gobe za a kawo ƙararsa gabansa.

Wannan ya fi fitowa fili ranar da aka tashi tsige gwamna ko mataimakinsa. A tsarin mulkin 1979 kakakin majalisa ne yake zaɓo mutum bakwai da za su yi bincike, a haka aka tsige Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna a 1981. Tsarin 1999 ya ɗauke wannan ya ba Babban Joji: cikin kwana bakwai bayan majalisa ta amince da kashi biyu bisa uku, zai naɗa mutum bakwai masu gaskiya da ba ma'aikatan gwamnati ba, ba 'yan majalisa ba, ba 'yan jam'iyya ba, su kawo rahoto cikin wata uku. Idan suka ce ba a tabbatar da zargi ba, magana ta mutu nan take. Ke nan wanda ya zaɓi bakwai ɗin ya kusa zaɓar sakamako. A 2006 an tsige gwamnonin Oyo, Anambra da Filato, kotuna suka soke duka ukun saboda ba a bi ƙa'ida ba. Shi ya sa gwamnoni suke damuwa da wanda zai hau kujerar fiye da yadda suke damuwa da ko rufin kotu yana yoyo.

Mu koma kan Musdapher. Mutumin da ya shugabanci kotun jiha tun bai kai shekara arba'in da biyar ba, bai samu ko shekara guda cikakkiya a shugabancin ƙasa ba. Ya hau ana tsakiyar rikicin dakatar da shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara, Mai Shari'a Ayo Salami. Ya kafa kwamitin gyaran ɓangaren shari'a ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, ya fito fili ya soki sasantawar da ake yi da manyan masu laifin almundahana, ya miƙa wa Majalisar Tarayya shawarwarin gyaran tsarin mulki, sai wa'adi ya cika. Bin girma yana hana 'yan siyasa zaɓen son rai, wannan ne amfaninsa, kuma muna goyon bayansa a halin da muke ciki. Illarsa ita ce mutum yana isa kujera lokacin da ya rage masa watanni. A matakin jiha lissafin ya sauya a 2023, da aka mayar da shekarun ritayar jojin Babbar Kotu daga 65 zuwa 70. Babban Joji yanzu yana iya daɗewa, wanda ke son gyara ya samu lokaci, wanda ba ya so kuma jiha ta daɗe tana haƙuri da shi. Bayan ritaya tsarin mulki ya hana shi sake tsayawa gaban kowace kotu a matsayin lauya, don haka jinkirin fansho ba ƙaramin abu ba ne gare shi.

Ga mai karatun da ke da ƙorafi: idan hukuncin ne bai yi maka daɗi ba, ɗaukaka ƙara za ka yi, NJC ba ta sauya hukunci. Idan halin jojin ne, kamar karɓar toshiya ko ƙin zama, sai a rubuta wa shugaban NJC cikin wata shida da faruwar abin, a haɗa da takardar rantsuwa da hujjoji. Idan majistare ne ko ma'aikacin rajista, hukumar jiha ake rubuta wa. Neman a ɗauke shari'a daga wani joji zuwa wani kuwa Babban Joji ake rubuta wa, a ba ɗaya ɓangaren kwafi, kuma a sani in an amince to shari'ar za ta koma farko.

Roƙonmu gare ka, ya Edita, shi ne idan aka zo bikin buɗe sabuwar shekarar shari'a, wakilinka ya nemi alƙaluma daga ofishin Babban Rajistara: ƙara nawa aka shigar, nawa aka kammala, nawa suka haura shekara biyar, mutum nawa ke jiran shari'a a gidajen yarin jihar, kashi nawa na kasafin ɓangaren shari'a aka saki. Ana tattara alƙaluman ƙararraki duk bayan wata uku don aika wa NJC, saboda haka suna nan a rubuce. A buga su kusa da na shekarar da ta gabata.

Mun gode.

Naku,
Wasu lauyoyi da tsofaffin ma'aikatan kotu, Kano.